Fullmetal Alchemist: na 2003 ko Brotherhood, da wanne za a fara?

Dan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata a kan katun ɗin Japan Fullmetal Alchemist ce. Shiri biyu ne masu suna kusan ɗaya, na 2003 mai kashi 51 da Brotherhood na 2009 mai kashi 64. Ana ta cewa na biyun ne ya bi manga, wato littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki, sau da ƙafa, wai na farkon ɓarnar data ce kawai. Haka ne? Kuma wanda bai taɓa buɗe littafin ba, in ya faɗa Brotherhood kai tsaye, akwai abin da zai rasa? Masana ku warware mana.

MaiZane: Wa alaikumus salam. Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma zuzutawa. Bari a fara da dalilin da ya sa shirin ya zama biyu. Hiromu Arakawa ta fara buga labarin a 2001 a mujallar Monthly Shonen Gangan, wadda ke fita sau ɗaya a wata, babi ɗaya kowace fitowa. Ba ta kammala ba sai Yunin 2010, babi 108 a juzu'i 27. Kamfanin Bones kuwa ya fara haska shirin farko a Oktoban 2003, lokacin juzu'an da ke kasuwa ba su wuce shida ba. To yi lissafi: marubuciya tana ba da babi 12 a shekara, gidan talabijin yana son kashi ɗaya duk mako, kuma kashi ɗaya yana cinye babi ɗaya da rabi zuwa biyu. Kafin wata shida an tarar da ita. Shi ya sa darakta Seiji Mizushima da marubucin shirin Sho Aikawa suka kama tasu hanyar, da saninta, don ita kanta ta nemi ƙarshensu ya bambanta da nata. A Afrilun 2009, da littafin ya kusa ƙarewa, Bones ɗin dai ya sake ɗauko shi daga farko da wani daraktan, Yasuhiro Irie. Kashi na 64 ya fita a farkon Yulin 2010, 'yan makonni bayan babin ƙarshe.

Ummi_Katun: Amsa a taƙaice: fara da Brotherhood, labarin cikakke ne, ba abin da zai shige maka duhu. Amma kada ka yanke masa hukunci kafin ka kai kashi na 15.

Dan_Fagge: Me ya sa na 15 ɗin, 'yar'uwa?

Ummi_Katun: Saboda a nan ne gudun yake tsayawa. Kashi na 15 shi ne babi na 32, inda Ling Yao da May Chang suka iso daga ƙasar Xing, mutanen da babu su kwata-kwata a na 2003. Ke nan babi 31 aka cusa a kashi 14 na farko, kuma a cikin 14 ɗin ma kashi na ɗaya, na mutumin nan mai daskarar da ruwa, Isaac McDougal, babu shi a manga, ƙirƙirar kamfani ce. Sauran babi 77 kuwa sai aka shimfiɗa su a kashi 50. Raba ka gani: farko sama da babi biyu a kowane kashi, daga baya kimanin ɗaya da rabi. Kuma babin mujallar wata-wata yana da kauri, yakan haura shafi 40, ba irin na mako-mako mai shafi 19 ba. Kamar sun ɗauka duk mai kallo ya riga ya ga na 2003, sai suka yi ta sauri su wuce inda aka sani.

Baffa_Tudu: Wannan shi ne abin da masu cewa "ya bi manga sak" ba sa faɗa. A juzu'i na ɗaya kaɗai an tsallake babi biyu cikin huɗu. Babi na 3, garin haƙar kwal na Youswell, inda Ed Elric, jarumin labarin, ya yi wa Laftanar Yoki wayo ya karɓe takardar mallakar mahaƙar da zinaren bogi, babu shi a wurinsa. Babi na 4, faɗan cikin jirgin ƙasa, shi ma babu. Na jirgin ba asara ba ce sosai. Na Youswell kuwa asara ce, don Yoki yana dawowa ya yi ta yawo tare da May da Scar, mutumin Ishval mai ɗaukar fansa, har kusan ƙarshe. Mai kallon Brotherhood sai kawai ya ga wani tsamurarren mutum mai gashin baki yana ta ƙorafi a kan 'yan gidan Elric bai san mafarin ba, sai can daga baya a ba shi ɗan guntun waiwaye na raha. Na 2003 ya ba Youswell kashi sukutum, na 9.

Zinder_Otaku: Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan, zan fasa ƙwai.

Babbar illar saurin tana wuri biyu. Na ɗaya Nina Tucker. A Brotherhood ka san ta a kashi na 4, a kashi na 4 ɗin kuma ubanta ya gauraya ta da karen gidan. Minti ashirin ke nan tsakanin gaisuwa da jaje. A na 2003 yaran, Ed da ƙaninsa Al, suna zaune a gidan Tucker ne suna karatun jarrabawar zama masanan alkimiyya (ilmin sauya siffar abubuwa) na gwamnati, kashi na 6 da na 7, ka ga suna wasa da ita, ka ga ta raka su gidan sojan nan Maes Hughes ranar da aka haifi 'yarsa Elicia. Sai abin ya faru bayan ka saba da ita. Na biyu Maes Hughes. Ya mutu a kashi na 10 a Brotherhood, a na 2003 sai kashi na 25. Jana'izar kusan iri ɗaya ce a duka biyun, amma nauyinta ya bambanta, don a ɗaya ka yi rabin shiri kana ganinsa yana damun mutane da hoton 'yarsa.

MaiZane: Zinder_Otaku, a yi adalci. A littafin ma Nina ba ta daɗe ba, babi na 5 ne, labarinta ya zo ya wuce. Hughes kuma a juzu'i na 4 ya mutu, babi na 15 zuwa 16 daga cikin 108. Ke nan a waɗannan wurare biyu Brotherhood bai rage wa littafin komai mai yawa ba, na 2003 ne ya ƙara. Za ka iya cewa ƙarin ya yi daɗi, ban musa ba, amma kada a ɗora wa Irie laifin da ba nasa ba.

Zinder_Otaku: Ai abin da nake nufi ke nan, Malam. Bin littafi daban, kyan shiri daban. Mai karatu yana iya tsayawa a kan shafi ya yi minti biyar. A allo ba ka da wannan ikon, in darakta bai ba ka lokacin ba, ya wuce.

Hajjo_M: To ni tambayata, tunda kowanne da inda ya fi, me zai hana a haɗa? Akwai masu cewa a kalli na 2003 daga kashi na 1 zuwa 25, sannan a koma Brotherhood daga na 11.

Baffa_Tudu: Hajiya, kada ki soma. A takarda dabarar tana da kyau, a aikace rikici ce, don na 2003 ya fara karkata tun kafin kashi na 25. Ga abin da zai ci karo:

Shou Tucker, uban Nina. A littafi da Brotherhood Scar ya kashe shi nan take tare da Nina. A na 2003 yana raye, ya sake ɓullowa a ɗakin gwaji na biyar da jikin dabba.

Iyayen Winry, ƙawar yaran. A na 2003 Roy Mustang, ubangidan Ed a soja, shi ne ya harbe su bisa umarnin soja, kuma an faɗa tun wajen kashi na 15. A Brotherhood Scar ne ya kashe su, kuma a kan wannan aka gina kashi na 22 da na 23 gaba ɗaya. In kin shigo da labarin farko a kanki, za ki yi ta jiran Winry ta tuhumi Mustang, ba za ta tuhume shi ba.

Sakatariyar shugaban ƙasa. A na 2003 akwai wata mata mai kama da mahaifiyar yaran, ita ce Sloth. A Brotherhood Sloth ƙato ne mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, matar kuma babu ita.

Ga kuma Dakta Marcoh, wanda na 2003 ya kawar da shi, alhali a Brotherhood da shi ake tafiya har ranar ƙarshe. Ki kalli kowanne shi kaɗai ya fi miki kwanciyar hankali.

Ummi_Katun: In dai cike giɓi ake so, akwai hanya mai sauƙi. A karanta babi na 3 da na 4 a juzu'i na ɗaya kafin a shiga kashi na 4, ba zai ci minti talatin ba. Sannan bayan kashi na 30 a ɗauki juzu'i na 15 a karanta shi dukansa. Shi ke nan.

Dan_Fagge: Me ke cikin juzu'i na 15 ɗin?

Malam_Sule_K: Yaƙin Ishval. A ganina wannan shi ne babban abin da Brotherhood ya ci bashin littafin, ya fi Youswell nesa ba kusa ba. Arakawa ta ware juzu'i guda, babi na 58 zuwa 61, ta nuna kisan ƙare dangin da sojan Amestris, ƙasar su Ed, suka yi, ta bakin Riza Hawkeye da Marcoh da Dakta Knox. Ta ce ta yi hira da tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu kafin ta zana shi, kuma ana gani a aikin: babu jarumi ko ɗaya a ciki. Brotherhood ya matse yawancinsa a kashi na 30, bayan ya ɗebi ɓangaren Scar da likitocin gidan Rockbell, wato iyayen Winry, ya kai kashi na 22. Abin da ya faɗi a tsakani ya haɗa da wurin da Basque Grand ya harbe janar ɗinsa Fessler, wanda yake ta tura sojojinsa su mutu a banza, sauran sojojin kuma suka yi kamar harsashi ne ya ɓace hanya. Wannan shafin kaɗai yana canza yadda kake kallon Grand, wanda a Brotherhood ba ka san shi da komai ba sai cewa Scar ya kashe shi. Kuma duk alkawarin da Mustang ya yi na hawa kujerar mulki, daga wannan ramin ya fito. Wanda bai ga zurfin ramin ba zai ɗauka son mulki ne kawai.

Sadiq_007: Ni dai na 2003 ya fi. A faɗa a huta.

Ummi_Katun: Kawo hujja mana, Sadiq, ba a zuwa zaure da hannu biyu.

Sadiq_007: Hujjata homunkulus, mugayen nan da ƙera su aka yi ba haifa ba. A littafi wani da ake kira Uba ne ya cire zunubansa bakwai ya mai da su 'ya'ya. To, shi ke nan, mugaye ne da aka aiko. A na 2003 kuwa duk wanda ya yi yunƙurin dawo da mamaci, abin da ya fito daga da'irar ne ke girma ya zama homunkulus. Sloth ita ce abin da Ed da Al suka ƙera daren da suka so dawo da mahaifiyarsu. Wrath shi ne jaririn malamarsu Izumi. Ke nan laifin da suka yi suna yara bai tsaya a hannu da ƙafa da gangar jiki ba, ya tashi yana yawo da fuskar uwarsu, kuma dole su kashe shi da hannunsu. Ku nuna min abu ɗaya a Brotherhood da ya kai wannan ɗaci. Sannan a na 2003 Ed da kansa ya kashe Greed, a kashi na 34, ya durƙusa yana ihu. A ɗayan kuwa an tsare masa hannunsa tsaf har ƙarshe.

MaiZane: Wannan hujja ce, na karɓa. Amma faɗi ɗaya gefen. Na 2003 ya iya buɗe ƙofa, rufewa ce ta ba shi wahala. Dante ta shigo a makare a matsayin uwar makirci, burinta kuma bai wuce sauya gangar jiki don kada ta mutu ba. A kashi na ƙarshe aka jefa Ed duniyarmu, birnin Munich na Jamus a 1921, har sai da aka yi fim a 2005, Conqueror of Shamballa, don a ɗaure bakin zaren. Wanda ya tsaya a kashi na 51 bai ga ƙarshe ba. A littafin kuwa duba yadda abubuwa ke haɗuwa: siffar taswirar ƙasar mai kama da da'ira, wuraren da aka zubar da jini, ramin da Sloth ke haƙawa, kangon Xerxes, zanen da ke hannun Scar, duk an dasa su tun da wuri kuma kowanne ya yi aikinsa a rana ɗaya. Mutum ɗaya ne ya yi shekara tara yana saƙa wannan. Rukunin marubutan da aka ba shekara guda ba za su iya ba, ko sun kai su wane iyawa.

Hajjo_M: Wani abin da ke rikita mutane: King Bradley, shugaban ƙasa. A ɗaya an ce Pride, a ɗaya an ce Wrath.

Baffa_Tudu: Pride ne a na 2003, Wrath ne a littafi da Brotherhood. Pride na littafin wani ne daban, kuma ba zan faɗe shi ba, don yana cikin manyan abubuwan da ke girgiza mai kallo. Shawara ga Dan_Fagge: kada ka nemi sunan kowane ɗan wasa a intanet kafin ka gama, layin farko na bayanin ne zai tona maka komai. Hotunan waƙar buɗewa ma suna nuna mutanen da ba a kai gare su ba.

Garba_Maradi: Ku bar ni in fita daga Fullmetal kaɗan, don wannan cutar ta tsallake farko ba shi kaɗai ta kama ba. Hunter x Hunter na Yoshihiro Togashi: na 1999 na kamfanin Nippon Animation kashi 62 ne, aka ƙara 30 da ba a haska a talabijin ba, ya tsaya a Greed Island. Na 2011 na Madhouse kashi 148, ya kai babi na 339. Kowa ya yarda na 2011 ya fi kusa da littafi. Amma a babi na ɗaya na littafin, Kite ne ya ceci Gon, jarumin labarin, daga dabbar daji, shi ne ya gaya masa ubansa yana raye kuma mafarauci ne. Na 1999 ya nuna haka a kashinsa na farko. Na 2011 ya cire, bai kawo Kite ba sai kashi na 76, aka ba da haɗuwarsu a waiwaye. Sai ga shi duk haukan da Gon ya yi a sashen yaƙi da tururuwa a kan Kite ya rataya. Mai karatu ya san shi tun shafin farko, mai kallo kuwa jiya-jiya ya gan shi, sai ya yi ta mamakin abin da ya sa yaron ya zauce haka. Maganinsa a karanta babi na ɗaya kafin a fara.

Malam_Sule_K: Mafi munin misali Shaman King ne na 2021. Na 2001 kashi 64 ne da ƙarshen da kamfani ya ƙirƙira. Sabon ya yi alkawarin kawo labarin Hiroyuki Takei dukansa, kuma ya cika, amma juzu'i 35 a kashi 52. Kwatanta da juzu'i 27 a kashi 64. Ba a bar faɗa ya yi zafi ba an gama, ba a bar raha ta sauka ba an shiga wani zancen. Sauri ya haifi nawa. Don haka in an ce maka sabon shiri "ya bi littafi", tambaya ta farko ita ce juzu'i nawa a kashi nawa.

Ummi_Katun: Kada kuma a tsorata mutane, akwai waɗanda suka yi daidai. Fruits Basket: na 2001 kashi 26 ne, ya tsaya tun littafin bai kai rabi ba, biyu daga cikin 'yan gidan Soma masu ɗauke da la'anar, Rin da Kureno, ko fitowa ba su yi ba. Na 2019 zuwa 2021 zango uku ne, 25 da 25 da 13, jimilla 63, ya kai juzu'i na 23. Zangon ƙarshe ya ɗan matsu, amma farkon bai yi gudu ba, bai ɗauka ka san kowa ba. Hellsing Ultimate ma haka, fitowa goma a kan juzu'i goma, tsakanin 2006 da 2012, kowace da tsawon da labarinta ke bukata tunda ba a ɗaure ta da minti 24 na talabijin ba.

Sadiq_007: Dragon Ball Kai fa? Shi ma ai sabo ne.

Garba_Maradi: A'a, shi ba sake zanawa aka yi ba. Tsohon Dragon Ball Z mai kashi 291 aka ɗauko a 2009, aka goge hoton, aka yanke ciko, aka sake ɗora murya. Gyaran fuska ne. Brotherhood kuwa daga farar takarda aka faro, sabon zane, sabon kiɗa na Akira Senju a madadin Michiru Oshima.

Kuma tunda an taɓo ciko, kamfani in ya tarar da marubuci hanyoyinsa sanannu ne. Ko ya cusa labaran da ba su cikin littafi ya jira, kamar Naruto da Bleach. Ko ya ja babi ɗaya ya cika kashi guda da kallon-kallo da maimaici, kamar One Piece. Ko ya yi nasa ƙarshen, kamar Fullmetal na 2003 da Soul Eater. Ko ya tsaya cak sai littafi ya yi nisa, kamar Attack on Titan da ya yi zangon farko a 2013 bai dawo ba sai 2017. Ta ƙarshen ce aka fi bi yanzu, shi ya sa ba a cika samun irin na 2003 ba kuma.

Aunty_Bilki: Don Allah wata tambaya daban. Ana iya kallonsa da yara? Na ga katun ne.

Malam_Sule_K: Ba na ƙananan yara ba ne, Anti, ko ɗaya daga cikin biyun. A kashi na 2 na Brotherhood yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana kwance cikin jini ƙafarsa ta tafi. Akwai kisan ƙare dangi, akwai ƙona mutum da ransa a kashi na 19. Sannan ginshiƙin labarin yunƙurin raya matacce ne, da wata halitta da ke kiran kanta Gaskiya tana kuma ba kanta wasu sunayen da mai imani zai ji nauyinsu. Labarin dai yana nuna yunƙurin a matsayin girman kai da ake biyan kuɗinsa da tsada, kuma a littafin matacce ba ya dawowa ko ta halin ƙaƙa. Duk da haka abu ne da ke son mai hankalin da zai bambance tatsuniya da aƙida. Matashi da ya mallaki hankalinsa, da babba a kusa, wannan daban.

Dan_Fagge: Na gode ƙwarai. Batun lokaci da data fa? Kuma da muryar Japananci ko ta Turanci?

Zinder_Otaku: Kowane kashi kimanin minti 24 ne. Brotherhood ya kama awa 25 da ɗoriya, na 2003 awa 20 da ɗan kai, ban da fim ɗinsa. Data kuwa ya danganta da ingancin hoton da ka zaɓa: in kashi ɗaya ya ci MB 100, 64 ɗin GB 6.4 ne, in ya ci 250, GB 16. A allon waya ƙaramin ya wadatar, rubutun ƙasa yana karantuwa. Kashi na 27 yawancinsa maimaicin abin da ya wuce ne, mai tsimi zai iya tsallakewa, ko da yake an saƙa shi da tunanin Hohenheim, mahaifin su Ed. Abin da ba a tsallakewa shi ne bayan waƙar rufewa, don kashi da dama suna da ɗan guntun labari a can, wani ma mai muhimmanci. Na 2003 kuma an yi shi ne da fasalin tsohuwar talabijin, 4:3, zai bar baƙi dama da hagu. Kada ka ja hoton ya cika allo, kawunan mutane za su baje.

Baffa_Tudu: Murya kuwa duk wadda ta fi maka sauƙi. A Japananci Romi Park da Rie Kugimiya ne Ed da Al a shiri biyun, amma an canza Mustang, Toru Okawa a na farko, Shin-ichiro Miki a na biyu. A Turanci Al aka canza: Aaron Dismuke yaro ne lokacin na farko, kafin na biyu muryarsa ta buɗe, sai aka ba Maxey Whitehead. Wanda idonsa ba ya saurin bin rubutu ya ɗauki ta Turanci, musamman daga zuwa sansanin soja na Briggs wajen kashi na 33, inda rundunoni ke yawa kuma ana zuba bayanin makirci da sauri.

Hajjo_M: To har yanzu ba ku ce da wanne za a fara ba. Ummi ta ce Brotherhood, Sadiq ya ce na 2003.

Zinder_Otaku: In mutum ya tabbata zai kalli duka biyun, na 2003 ya kamata ya riga. Zai san Hughes da Nina da Yoki a natse, saurin farkon Brotherhood ba zai cuce shi ba tunda don irinsa aka yi shi. Wanda ya faro da Brotherhood kuwa yakan kasa haƙuri da na 2003, yana ta jiran Ling da Olivier Armstrong, ba za su zo ba.

MaiZane: Ban yarda ba. Wannan shawarar tana nufin awa 20 kafin mutum ya taɓa ainihin labarin, kuma da yawa a hanya suke gajiya. Ga shi zai shiga Brotherhood ya riga ya san Bradley ba mutum ba ne. Sannan zai yi kashi 14 yana kallon abin da ya gani jiya cikin gaggawa, a nan ne ma zai fi jin haushin saurin.

Ummi_Katun: Bradley ai ba wani sirri ba ne mai tsawo, a kashi na 14 aka bayyana shi.

Sadiq_007: A Brotherhood ke nan. A na 2003 sai can wajen ƙarshe, kuma wanda ya fara da naku ya ɓata wa kansa wannan. Kun ga ke nan ta kowace fuska sai an yi asarar wani abu.

Garba_Maradi: Ku ajiye wannan, ga wani na tafe da zai tayar da irin wannan ƙurar. A Disambar 2023 aka sanar Wit Studio zai sake One Piece daga farko, daga sashensa na East Blue, alhali na Toei da aka fara a 1999 bai tsaya ba. Can matsalar tsohon jan labari ce, ba canza shi ba, don haka abin dubawa shi ne babi nawa za su sa a kashi ɗaya. East Blue babi 100 ne.

Malam_Sule_K: Babin mako-mako ne, shafi 19. Uku a kashi ɗaya yana tafiya lafiya, huɗu in faɗa ne zalla. In suka haura haka a Arlong Park, labarin Nami ne zai fara shan wahala.

Dan_Fagge: Baffa_Tudu, babi na 3 da na 4 ɗin, kafin kashi na 4 aka ce ko bayansa?

Baffa_Tudu: Kafin. Kashi na 3 shi ne Liore, babi na 1 da na 2 ke nan. Daga nan ka karanta Youswell da jirgin ƙasa, jirgin ne ke sauke su a East City wurin Mustang, shi kuma ya kai su gidan Tucker.